Jinjina ga Mai Zaɓen Majigi

Ranka ya daɗe, Alhaji ɗan kwangila, gagara-badau, giwa mai tafiya da takardar biya, garkuwar idanun 'ya'yan talakawa! Mutanen Kademi, har da 'yan'uwansu na Gaya da Ajingi, suna miƙa godiya bisa majigin da ka zaɓo wa ajin yaranmu.

Masana sun ce ajin da rana ke shigowa ta taga yana buƙatar majigi mai ƙarfin haske lumen 3,000 ko fiye, a ma'aunin ANSI. Kai kuwa da yake Allah ya hore maka tausayi, sai ka tsallake waɗannan masu kashe ido, ka ɗauko ɗan ƙarami mai kunya, wanda tafin hannu ke ɗauka, wanda aka rubuta dubbai a jikin kwalinsa amma tawali'u ya hana shi nuna su. Ina aka taɓa ganin na'ura mai ladabi haka? Rana na fitowa sai ya sunkuyar da kai, kamar amarya a gaban surukai.

Albarkarsa ta fi ƙarfin lissafi. Malam ya kunna taswirar Najeriya, bango ya tsaya fari fat yadda mai fenti ya bar shi, yara kuwa suka zana Kogin Kwara da Binuwai a zuci. Wace makaranta ce a Ingila ke wasa ƙwaƙwalwa irin wannan? Domin a hango inuwar hoton, aka toshe tagogi da tabarmi da buhunan taki, a tsakiyar Afrilu, zafi ya kai digiri 40, yara maƙil da aji suna sharce gumi suna haddace haƙuri, darasin da masu tsara manhaja suka manta. 'Yan layin baya, waɗanda rubutun ya yafe wa, suka samu ƙailula cikin lumana.

Kakanninmu sun ga majigin zamanin En'e, mai tara gari a ƙofar fada bayan magariba ya hana mutane barci. Naka ya fi shi sanin ya kamata, bai taɓa hana kowa komai ba. Ka kuma tanadar masa hutu: ajin babu wayar lantarki, babu sola, sai ranar da aka aro janareta aka yi karo-karon kuɗin mai. Da wannan tattali, fitilarsa za ta ga jikoki.

Muna roƙon mahukunta su yi adalci: a kai irinsa makarantar kuɗin da 'ya'yanka ke karatu a birni, kada Kademi ta cinye wannan alheri ita kaɗai.