Masu Kati a Wuya: Mutanen Taron Kiɗan Amstadam

Duk watan Oktoba, idan iskar Holan ta fara cizo kuma yayyafi ya ƙi ɗaukewa, Amstadam kan cika da tutocin Amsterdam Dance Event masu launin ɗorawa da baƙi. ADE kowa ke ce masa. Da aka fara shi a 1996 mahalartan 'yan ɗaruruwa ne. Yanzu kwana biyar ake yi, DJ sama da 2,500 suna kiɗa a wurare sama da 200. Rana ta zaman tattaunawa ce, dare na rawa, barci kuwa sai kowa ya koma ƙasarsu. Kiɗan dai ba ni da ƙorafi a kansa. Mutanen ne.

Sarkinsu shi ne Mai Duba Ƙirji. A Felix Meritis za ka same shi, tsohon ginin nan na bakin ruwan Keizersgracht, yana tsaye daidai inda matakala ta ƙuntata don kada kowa ya wuce bai tantance shi ba. Zai miƙo maka hannu da fara'a, amma idonsa ba ya kan fuskarka, yana can kan katin da ke rataye a wuyanka, kamar yadda dillalin kara ke duba haƙoran sa kafin ya yi tayi. Idan katin ya juya baya, sai ka ga bawan Allah ya shiga wani hali. Zai karkata kai, ya ɗan rusuna, ya ja ka da zancen ruwan sama, in duk ba ta yi ba ya sa yatsa biyu ya juya katin da kansa yana dariya, wai igiyar ce ta harɗe.

Murmushinsa hawa-hawa ne. Wanda ke zaɓen makaɗa a bikin Tomorrowland, runguma ce har da bubbuga baya. Ma'aikacin Spotify ko Beatport, hannu biyu. Ɗan jaridar mujallar da ya kasa furta sunanta kuwa, haƙora huɗu na gaba, sannan idon ya tsallake kafaɗarka ya shiga neman na gaba da kai. Kana ba shi amsar tambayar da shi ya yi, yana gyaɗa kai a inda bai dace ba. Sai ya dafa ka ya ce, "Lallai mu sha kofi kafin a watse, ɗan'uwa." Ba a taɓa shan wannan kofin ba, kuma ba na jin an taɓa dafa shi. Kashegari ku sake haɗuwa a kan matakalar, ya gabatar maka da kansa daga farko, kalma bayan kalma.

Daɗin abin shi ne ranar da biyu daga cikinsu suka yi kiciɓis. Kowa ya karanta ƙirjin ɗan'uwansa, kowa ya gane ba riba, amma kunya ta hana a rabu, sai su tsaya suna yabon juna kowanne na leƙen bayan ɗayan. Rauninsa ɗaya ne: manyan gaske ba sa rataya kati. Na ga wani irinsa ya yi wa wani dattijo baƙar fata mai koɗaɗɗiyar hula kallon hadarin kaji, ya wuce shi da sauri. Da aka shiga zaure, dattijon ne aka gayyato daga Ditiroit ya ba da labarin yadda tekno ya faro.

Yaro Mai Filash ba ya ba ni haushi, tausayi yake ba ni. Waƙarsa na cikin aljihu, "minti uku kacal" yake roƙo, kuma zai bi mai kamfanin waƙoƙi har ƙofar ban-ɗaki ya jira shi. An ware zama na musamman don sauraron aikin sababbin hannu, sai dai shi bai yarda da layi ba.

A zauren kuma akwai Mai Tambayar Da Ba Tambaya Ba, wanda da zarar makirfo ya shiga hannunsa zai faɗi sunansa, da na kamfaninsa, da na shafinsa na Instagram, ya rufe da "ko me kuke gani?" Akwai Bokan Fasaha: a 2022 ya rantse NFT za ta ceci makaɗa, bana hoton allonsa bai canza ba, sai dai ya goge NFT ya rubuta ƙirƙirarriyar basira. Akwai Tsohon Hannu, wanda a wurinsa harkar ta mutu ranar da aka ajiye faifan garmaho. Yana ba da labarin gidan rawar Warehouse na Shikago da DJ Frankie Knuckles kamar a gabansa aka yi, alhali in ka yi lissafi a 1977 ko yaye shi ba a yi ba. Sai gwanina, mai jawabi kan muhimmancin barci ga lafiyar makaɗa da ƙarfe sha ɗaya na safe, sanye da baƙin tabarau, wanda sa'o'i uku da suka wuce muka sauko tare daga jirgin fito bayan kwana a filin rawa.

Da dare wasu ne ke fitowa. A ƙofar Paradiso, tsohon cocin da ya koma gidan kiɗa tun 1968, kullum akwai mai cewa sunansa na cikin lis. Yarinyar da ke riƙe da lis ɗin ta duba sau uku, ya ce ta gwada da sunan sana'arsa, ta gwada, ya ce to ta gwada da na abokinsa. A zauren Gashouder kuwa masu ɗaga waya ne, sun biya kuɗi mai tsoka don su kalli fitilu ta cikin allon da bai wuce tafin hannu ba. Kada a manta da mai son ƙulla ciniki a gindin lasifika. Yana ihu a kunnenka, yawu na sauka, kai kuma kana cewa "ƙwarai" don ya ƙyale ka, ba ka san me ka amince da shi ba sai imel ya iso ranar Litinin.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne Mai Gano Afirka. Ya yi mako guda a Kef Tawun, ya dawo da kwalliyar duwatsu a hannu da labarin cewa "nahiyar ce kasuwa ta gaba". Tun da Black Coffee ya ci kyautar Grammy a 2022 irinsa suka yawaita. A bakinsa amapiano na unguwannin Piritoriya da Johanasbag, da gqom na Durban, da singeli na Darussalam, da abin da ake bugawa a Legas duk abu ɗaya ne. Ya kan zauna a kan dandali yana bayanin abin da matasan Afirka ke so, gefensa kuma kujera ce babu kowa, domin DJ ɗin da aka gayyato ta yi wannan magana ta biya Yuro 90 na bizar Shengen, an hana ta, kuɗin ma ba a mayarwa. Jagoran zaman ya ce "abin takaici ba ta samu zuwa ba", a wuce wurin. Shi kuwa ko a jikinsa. Lokacinta ma ya haɗa da nasa. Da aka tashi ya tare ni, ya tambaya ko zan iya naɗo masa "gangunan gargajiya" in turo ta WhatsApp ya saka a waƙa. Na ce masu kalangun suna da suna, suna da iyali, nawa zai biya, kuma sunan wa za a rubuta? Ya ce ai duniya za ta ji su. Duniya ta daɗe tana jin su, malam, kuɗin ne ba ya isowa.

Saura mutum ɗaya, ɗan jarida. Za ka gane shi da jakunkunan kyauta guda uku a kafaɗa da toshin kunne da ya saka tun daga layi. Ya fi kowa sanin wace liyafa ce ake raba abinci da wuri. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ya sulale ta ƙofar baya, ya tsaya a FEBO ya ciro abin taɓawa mai zafi daga akwatin bango, ya tafi ya kwanta. Idan ya tashi rubutu kuwa, sai ka rantse a filin rawa alfijir ya keto masa, har da jirgin fito. In kun gan shi ku rufa masa asiri, editansa na karanta wannan shafi.