Zaga Zariya a Sayyada, Direba Na Biye

A garuruwan jami'a na Ingila, irin su Oksfod da Kambirij, akwai wata sana'a mai ban al'ajabi. Ɗalibi ne zai tara baƙi a bakin wata tsohuwar ƙofa, su biya shi, shi kuma ya sa su a gaba yana zaga gari da su a ƙasa, yana nuna musu gine-gine da ba su labarin waɗanda suka zauna a ciki. Mutum da lafiyarsa da kuɗinsa ya biya don a gajiyar da shi, a ƙarshe har ya yi godiya. To, duk matashin da ya ga wannan a wayarsa ya ce bari ya gwada a Zariya, ina ba shi shawara ya fara karanta wannan shafi.

Ba kayan nuni Zariya ta rasa ba. Ga ganuwa da ƙofofinta: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da sauransu. Ga Dutsen Kufena. Ga labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin ƙasa da masana gine-gine daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo. Ga cocin Wusasa na 1929. A garin nan aka haifi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Kwalejin Barewa, wadda ta faro daga Katsina a 1921, a nan ta yada zango a 1949, kuma Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun sha ruwanta. Sai kuma uwa-uba, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a watan Oktoban 1962. Kaya kam akwai. Masu takawa ne babu.

A wurinmu tafiyar ƙasa shaida ce ta rashin abin hawa, ba wani abu ba. A ce jagora ya sanya ƙarfe bakwai na safiyar Asabar a Ƙofar Doka. Wajen tara da rabi Alhaji zai iso cikin babbar riga mai aska takwas da takalmi sau-ciki, tambayarsa ta farko ita ce inda za a ajiye mota. Da an ce masa ai tafiyar a ƙasa ce, sai ya yi murmushin manya, ya ce babu damuwa, ya juya ya ce wa direba: "Ka biyo mu a hankali, kada ka kashe sanyin." Kuma yana da gaskiya. Duk wanda ya san shi ya hange shi yana taku sai ya tsallako titi da sauri: "Subhanallahi! Alhaji lafiya? Motar ce ta lalace?" Kafin Azahar labari ya isa Sabon Gari cewa Alhaji ya karye, an gan shi a sayyada cikin rana tare da wasu yara.

Matsala ta biyu gaisuwa. Jagora ya gyara murya, ya ɗaga hannu ya nuna gini, ya ce: "Wannan ganuwa da kuke gani..." Sai wani mai keke ya ja birki. "A'a, Malam, kai ne a unguwarmu? Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya mai jiki? Ya haƙurin rashin da aka yi?" Nan take a ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a, a shafa. Jagora ya koma: "Wannan ganuwa..." Sai ga surukin ɗaya daga cikin baƙi, dole a cire takalmi a durƙusa. Jimlar da aka fara da hantsi ba za ta kai aya ba sai rana ta take tsaka, kuma ba a yi taku ɗari daga inda aka taru ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan matsala ta uku, wato kowa masanin tarihi ne. Jagora ya ambaci Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku. Kafin ya rufe baki Farfesa ya cire tabarau, ya ce ai har yanzu masana na ja-in-ja ko a ƙarni na 15 ta yi zamani ko a na 16, kuma shi ma yana da wata maƙala a kan haka wadda zai so ya ɗan taƙaita. Taƙaitawar Farfesa kuwa kowa ya san tsawonta. Yana cikin shimfiɗa, wani dattijo da ke zaune a ƙofar zaure ya buga sanda a ƙasa: "Ku 'yan boko ku daina ɓata wa mutane tarihi! Kakan kakana ne yake riƙe mata linzami." Wani daga cikin ayari ya ce a'a, nasa kakan ne Madawakinta. Hajiya ta ce ita ta wajen uwa jinin gidan ne ma gaba ɗaya.

Na daɗe ina lura, ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce kakansa ne ya kwaɓa ƙasar ganuwa ko ya ɗauki tubali a ka ba. Kowa jikan sarkin yaƙi ne, ko jikan limami, ko na alƙali. Ga dukkan alamu ganuwar nan ita ta gina kanta cikin dare, manya suna zaune suna ba da umarni.

Idan aka iso batun sarauta kuwa, jagora mai hankali sai ya fara duban fuskoki. Gidaje huɗu ne ke sarautar Zazzau tun bayan jihadin 1804: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. A kowane ayari akwai wakilin kowane gida, kunnensa a tsaye, yana ƙirga minti nawa aka ba gidansu, nawa aka ba na maƙwabta. Sai jagora ya tsere zuwa labarin da ba ya jawo rigima: yadda Sarki Makau ya bar Zariya ya nufi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja yanzu bayan babban birnin tarayya ya karɓe sunan. A nan ne baƙon da ya zo daga Abuja, mai kallon kowa a ɗage tun safe, zai gano cewa hatta sunan garin da yake taƙama da shi aro ne daga Zazzagawa. Daga nan sai ya ce rana ta yi zafi.

Su kuwa 'yan jami'a, Allah ya shirya. Ɗalibi ya shekara huɗu a Samaru, in an haɗa da yajin aiki shida, bai taɓa leƙa cikin birni ba. Ka tambaye shi Amina, ya kwatanta maka ɗakin kwanan ɗalibai mata ba tare da kuskure ba, har da lokacin da ake rufe ƙofa. Ranar zagayen zai zo, ba a fi shi ɗoki ba, amma tarihin da bayansa zai gan shi, don duk inda aka tsaya ƙeya yake juya wa ginin, ya miƙa wa jagora waya: "Ɗauke ni, amma ka kauce wa bolar nan." Da yamma hoto ya hau Facebook da rubutu a ƙasa: mu ne masu asali.

Bolar nan da ake kauce wa ita ce ainihin darasin ranar. A gindin ganuwar da kakan kowa ya tsare da mashi, yau leda ce da ruwan kwata. A gaba kaɗan za a tarar da wani bawan Allah da diga da baro yana saran ta, zai yi yaɓen katangar gidansa. Zai dakata ya share gumi ya yi muku sannu da zuwa, in kun ba shi dama ma ya ba ku labarin jaruntakar kakansa a wannan ƙofa. Babu wanda zai ce masa kanzil, domin rabin 'yan ayarin sun san inda ƙasar ɗakin kakarsu ta fito. Tarihi a bakinmu zuma ne; da ya zama abin da za a taka a je a gani, ko a hana wani rushewa, sai kowa ya tuna yana da ɗaurin aure ƙarfe biyu.

Ga mai son wannan sana'a ta karɓu, shawarata kyauta ce. Kada ya kuskura ya ce yawon tarihi ne. Ya ce tattakin lafiya ne da likitoci suka ba da shawara, domin Alhajin da ba ya iya taka Ƙofar Doka zuwa fada shi ne yake zaga kasuwannin Dubai tun safe har dare ba ƙorafi. Ya buga riga da hula, ya gayyato masu kyamara, ya naɗa uban taro da babban baƙo mai jawabi. Ya tanadi takardar shaida mai hatimi, a rubuta sunan kowa da cikakkiyar sarautar kakansa. Sannan, abu mafi muhimmanci, duk wanda ya kammala tafiyar da ƙafarsa a miƙa masa ambulan na kuɗin mota.