Yadda Ake Canja Gwamnati a Abijan, Mataki-Mataki

Gyara zama, ɗan'uwa, darasin yau yana son natsuwa. Mutane da yawa a Adjamé da Treichville suna zaton idan aka ce gwamnati ta sauka, wasu ne suka tattara komatsansu suka koma gida. Wannan fahimtar masu gaggawa ce. Canjin gwamnati aiki ne mai ƙa'ida, matakansa biyar, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

Mataki na farko shi ne zaɓe. Majalisar dokokin Kodebuwa tana da kujera 255. Zaurenta yana Plateau, Adjamé daga arewa, Treichville a ƙetaren gada daga kudu. Babban birnin ƙasar Yamoussoukro ne tun 1983, amma kada ka je can neman wannan majalisa. Ranar zaɓe za ka ɗauki katinka, ka bi layi, ka zaɓi naka, a shafa maka tawada a yatsa. Idan takardunka na Nijar ne ko na Najeriya, aikinka a wannan mataki shi ne ka buɗe rumfarka da wuri, ka soya kifi, ka sayar wa masu layi abincin garba. Ba dole ba ne kowa ya fito. A zaɓen 18 ga Disamba 2016, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu rajista ne ya kaɗa ƙuri'a. Sauran biyun sun ba da tasu gudummawar ta hanyar rage cunkoso.

Mataki na biyu, hukumar zaɓe ta CEI ta ƙirga ta faɗi sakamako. A waccan shekara ƙawancen RHDP na Shugaba Alassane Ouattara ya samu kujera 167, 'yan takara masu zaman kansu suka samu fiye da 70. Ka riƙe ma'anar ɗan takara mai zaman kansa da kyau, don ana yawan kuskure a nan: shi ne mutumin da ba ya ƙarƙashin kowace jam'iyya, tun daga ranar da jam'iyyarsa ta hana shi tikiti har zuwa ranar da ya ci zaɓe.

Mataki na uku shi ne murabus. Firaminista zai je fadar shugaban ƙasa ya miƙa takardar saukarsa da ta dukan ministocinsa. Shugaba zai karɓa, ya yi musu godiya, sannan ya umarce su su ci gaba da tafiyar da ayyukan yau da kullum kafin a naɗa sabuwar gwamnati. Saboda haka ministan da ya sauka da hantsi zai koma ofishinsa bayan azahar, a motar da ta kawo shi, ya zauna a kujerar da ya bari. Idan ka gan shi a can, kada ka ruɗe. Ya riga ya sauka. Ofis kawai yake zuwa, yana sa hannu a takardu.

Mataki na huɗu ya shafi inda ake sauka. Kai da ka saba da tsani kana zaton ƙasa ake yi. A wannan fanni, sauka takan nufi sama, wani lokaci gefe. Bayan zaɓen Disamba 2011, Guillaume Soro ya ajiye muƙamin firaminista a Maris 2012, cikin 'yan kwanaki ya zama shugaban majalisar dokoki. Ranar 9 ga Janairu 2017 Daniel Kablan Duncan ya yi murabus, washegari ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Kujerar nan sabuwa ce fil, kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 30 ga Oktoba 2016 ne ya ƙirƙiro ta, don haka ba a tashi kowa ba kafin ya zauna. Akwai kuma sauka a tsaye. Patrick Achi, wanda aka tabbatar firaminista bayan zaɓen 6 ga Maris 2021, ya yi murabus ranar 13 ga Afrilu 2022, ranar 19 ga wata aka naɗa wanda zai gaje shi, wato Patrick Achi. Ba a yi zaɓen majalisa a 2022 ba, abin da ke nuna maka cewa idan an ƙware, mataki na uku yana iya tafiya ba tare da an wahalar da kai da na farko ba.

Mataki na biyar, a karanto sunayen sababbin ministoci a talabijin ɗin RTI. Nan ne ɗalibi yakan ce ai duk ya san sunayen. Wannan alamar kana bin darasi ne. Ka lura da motar gbaka idan ta iso tashar Adjamé: kowa ya sauko, yaron mota ya buga ƙofa ya yi kiran fasinja, waɗanda suka sauko su sake hawa, na bakin taga ya koma tsakiya, na baya ya matso gaba, mutum biyu ko uku su rasa wuri, direba kuwa bai ko kashe inji ba. Don haka ba sunan za ka saurara ba, abin da ke biye da sunan za ka saurara. Kandia Camara ta riƙe ma'aikatar ilimi daga 2011 zuwa 2021, gwamnatoci suna sauka suna hawa. A Afrilu 2021 canji ya iso kanta, ta koma harkokin waje. A 2023 ya sake isowa kanta, ta zama shugabar majalisar dattawa.

Saura abin da ya rage a wuyanka. Hoton shugaban ƙasa da ke rataye a shagonka ba ya cikin abubuwan da ake taɓawa, kada ka wahalar da ƙusa. Kuɗin mota, hayar rumfa da tikitin kasuwa kuma suna da nasu tsarin canjin, wanda ba ya jiran zaɓe kuma ba ya yin ƙasa. Idan maƙwabcinka a kasuwar Treichville ya tambaye ka ko an canja gwamnati, ka ce an canja, ka faɗa masa rana da wata. Idan ya tambaye ka wa ya tafi, ka gane bai halarci mataki na huɗu ba, sai ka zaunar da shi ka faro masa daga farko, a hankali.