Zuwa ga Bawana Bazazzagi

Yau ƙararka na kawo gaban jama'a, kuma ba beli.

Kullum kuna cika mana baki cewa Zariya ce gidan ilimi. Mun ji. A garinku aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ko da yake editan, Abubakar Imam, daga Katsina aka ɗauko muku shi. Tun 1962 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ke ƙyanƙyasar farfesoshi a Samaru. Bature ɗan mulkin mallaka ma ya san in yana so talaka ya ji shi, da Hausa zai yi masa magana. To yau buɗe shafukan gwamnati a intanet, daga Abuja har Kaduna, ka nuna mini inda aka ce wa manomi ko da "barka da zuwa".

Leƙa shagon cike fom ka sha kallo. Dattijo na tsaye da hula a hannu, yaro na danna masa kwamfuta. Ya biya kuɗin fom, ya biya ladan tafinta, ya miƙa lambarsa ta NIN ga wanda bai san gidansu ba. In yaron ya kuskure harafi ɗaya a suna, sai zarya har kotu neman takardar rantsuwa. Makaho kuwa, da wanda ajami kaɗai ya iya, ba a ma yi lissafi da su ba.

Kada ka ce Kano fa. Mu 'yan kasuwa ne, a Kantin Kwari da harshen mai saye muke ciniki. Ku da kuka riƙe alƙalami ku ake tambaya. Nijar ma a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, kuna nan kuna taron ƙara wa juna sani, da Turanci.

Amma na gano dalilinku. Tsoro kuke ji a ba ku aikin fassarar, a zo layin "namiji ko mace" ku rasa ta cewa, tunda a bakinku amarya ma "ya zo" ne. Ku dai fassara, mu Kanawa za mu gyara muku jinsin kyauta. Kuɗin shara kawai za ka ninka mini bana.