Yadda Ake Jiran Zaɓe Ba Tare da Hawan Jini Ba

Tun ranar 26 ga Maris 2025, da aka rantsar da Janar Tiani a matsayin shugaban ƙasar Nijar na wata 60, aka kuma ce wa'adin na iya motsawa gwargwadon halin tsaro, mu mutanen Tasawa da Mayahi muka samu isasshen lokacin shirin zaɓe. Ga shawarwari kyauta, tunda an riga an saba ba a biya na.

1. Nemo katin zaɓenka. Yana cikin ledar da uwargida ke ajiye takardun awon ciki. Dubi hoton da kyau, ka yi wa gashin kanka addu'a.

2. Kada ka zubar da rigunan kamfe. Jam'iyyu aka rushe, yadi yana nan da ƙwarinsa. A gidana mai ruwan hoda tana zuwa gona, koriya ta rufe bakin randa, mai ruwan lemo tana goge kabu-kabun yaro. Ranar wanki kuwa duk a igiya ɗaya suke shanya, babu mai zagin uwar wani.

3. Ka yafe bashin kamfe. Faɗa ce da sauƙi. Ana gab da zaɓen 27 ga Disamba 2020, lokacin da mutum 30 ke neman kujera ɗaya, wani ɗan kamfe ya zo ya kwashi kujeruna da rumfa da lasifika za su yi mitin. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, da an ci zaɓe kai ne farkon biya." Zagayen farko ya wuce, ya ce a bari a yi na biyu. Aka yi na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, ya ce a bari a rantsar. Aka rantsar, sai ya ce Alhajin da yake wa kamfe yana Yamai. Alhaji bai gama zama a Yamai ba sojoji suka iso ranar 26 ga Yuli 2023. Kwanan baya na ritsa mutumin a tashar Tasawa yana cin tsire, ya lashe yatsa ya ce, "Haba Malam, ai wadda ta ci bashin an rushe ta. Ni da kai duk marayu ne." Maraya da tsire! Kujerun kuwa sun dawo, wasu da ƙafa uku, lasifikar tun daga ranar ba ta daina tari ba.

4. Ka rubuta alkawuran da aka yi wa ƙauyenku, don ranar da

To, rubuta wa wa? Ko ban tambaya ba na san abin da aka ce muku: foraj, gudurun, ajin siminti. Haka aka faɗa a Kanembakashe, haka a Korgom, haka a Urafan, sunan gari kawai ake sauyawa. Yau ma yarinya ce ke kora jaki yana jan igiyar guga, ta yi nisa har ka daina jin muryarta kafin ruwa ya fito. Bayan gobarar makarantar Maradi ta Nuwamba 2021, da yara suka ƙone cikin ajin zana, wa bai rantse an gama da zana ba? Je ka leƙa. Da can aƙalla duk shekara biyar akwai mai zuwa da ƙurar motocinsa, ya dube mu ido da ido ya shirga mana ƙarya, ya bar jika guda ta goro, mu riƙe sunansa muna gunaguni a fada. Yanzu alkawarin yana nan, mai shi ya ɓace. Wa za ka tare? Ɗan majalisar da babu majalisa?

Ina muka tsaya? Ta shida ce ko ta bakwai, oho. Ka sha shayinka, ka rage gishiri, ka yi ta rai.

In Allah Ya kai mu ranar, suka dawo da ganguna da "mun ji kukanku", ga abin da zan ce wa na farko da ya yi sallama: kuɗi a hannu kafin kujera ta fita. Ƙuri'a ma haka, ruwa ya fara zuba daga famfo tukuna.