Nasiha Ga Mai Niyyar Gyaran Jigon Jirginsa

Ya kai ɗan'uwa wanda Allah Ya hore wa jirgin ruwa mai filafilai, ko kuwa kake fatan mallakarsa wata rana, ka sani cewa ko da yake kakanninmu da suka tafi aikin hajji ta ƙasa sun ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda cikin sambuk mai jigon itace, jirgin shaƙatawa da ake yayi yanzu a gaɓar tekun Turai da Amurka wata halitta ce dabam, domin jigonsa na alminiyam ne, a jirgi mai tsawon mita 10 yakan kai mita 13 ko fiye, kuma galibi ba abin da ya tsayar da shi a gaban iska sai 'yan wayoyin ƙarfe waɗanda kaurinsu bai kai na ƙaramin yatsa ba. Don haka wajibi ne a riƙa sauke jigon lokaci lokaci a duba lafiyarsa.

Ranar saukewa, kafin injin ɗaga kaya ya iso, ka ɗauki hoton kowane ɗauri, ka liƙa wa kowace waya takarda mai sunanta, gama mutumin da ya ce zai riƙe a ka, bayan wata biyu za ka same shi zaune a tsakiyar wayoyi yana istigifari. Ka ɗaure kowace sufana da zare a wuyan hannunka, domin ijma'in ma'abuta teku ya tabbata a kan cewa kayan aikin da ya suɓuce ba ya taɓa faɗawa cikin jirgi, ruwa yake nufa, kuma mai tsadar ne yake riga sauran. Masu ba da shawara daga bakin gaɓa kuwa, ka amsa sallamarsu da ladabi, amma mutum ɗaya tak za a bar wa umurni.

To, ga asalin mas'alar. Wayar da aka fi amfani da ita silli 19 ne aka murɗe wuri guda, na ƙarfen da ake ce wa marar tsatsa, alhali kuwa wannan suna yabo ne da ya wuce haddi, domin in ruwan gishiri ya sami lungun da iska ba ta shiga ya kwanta, sai ya ci ƙarfen daga ciki, fuskarsa tana ƙyalli, cikinsa ya rube. Lungun da ya fi so shi ne bakin hannun ƙarfen nan da aka matse ƙarshen waya a cikinsa, musamman na ƙasa, inda ruwa ke gangarowa ya taru. Ka goge wurin, ka sa tabarau mai ƙara girma, ka nemi tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ko wani jan zane na tsatsa da ya tsattsafo. Sa'an nan ka riƙe tsumma ka bi wayar daga sama har ƙasa, inda duk tsumman ya sarƙe, to silli ya tsinke, hukuncin wannan waya kuwa ya riga ya faɗi, ita da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen. Ko ba ka ga illa ba, masu sana'ar sun saba sauya wayoyi in sun kai shekara 10, kamfanonin inshora da yawa ma sukan sa wannan cikin sharaɗi, kuma ni ina bayansu, domin gajiyar ƙarfe ba ta nuna alama. Kada ka raina 'yar ƙusar nan mai ƙafa biyu da ake cusawa a tanƙwara don kada fil ya zame. Kuɗinta bai kai na shayi ba, amma in ta fita, jigo da filafilai da fitilu duk tare za su yi sujada cikin ruwa. Sabuwa za ka sa, tsohuwar ka jefar. Kowane noti na ƙarfe da zai shiga jikin alminiyam kuma a shafa masa man da ke raba tsakaninsu, irin su Duralac, in ba haka ba gishiri zai ƙulla musu gaba, alminiyam ya zama farin gari.

In an mai da jigo, ɗaurin yana da ma'auni: ka liƙa sandar awo mai mita 2 a jikin waya, ka yi ta murɗa noti har wayar ta ƙaru da milimita 3, wannan kuwa ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin da zai tsinka ta. In kuma hawa sama ya kama ka, ka ɗaura igiya biyu, ka zaɓi mai ja da kyau. Mustahabbi ne ya kasance wanda yake bin ka bashi, domin shi ne ya fi kowa son ka sauko lafiya.

Fitilu kuwa ba a yi musu ijtihadi, ƙa'idojin hana karo a teku na 1972 sun riga sun yanke: ja a hagu, kore a dama, kowace tana haska digiri 112.5, fara a baya mai digiri 135. Jirgin da bai kai mita 20 ba an yi masa rangwame ya haɗa ukun cikin fitila guda a ƙwanƙolin jigo, amma da zarar ka ta da inji ka fita daga hukuncin masu filafilai, sai ka kashe ta, ka kunna fitilun ƙasa tare da farar fitila ta gaba. Ƙwan LED ya fi sauƙi ga batir nesa ba kusa ba, sai dai a 2018 masu tsaron gaɓar tekun Amurka sun yi gargaɗi cewa wasu irinsa na dagula rediyon jirgi. Ka kunna rediyo ka kunna fitila ka saurara tun jigo yana kwance, tun gyara bai zama hawa ba.

Saura filafilin goshi, inda son zuciya ya fi yi wa mutane ɓarna. Akwai ƙarami wanda bai wuce jigo ba, akwai babba mai zarce shi da kamar rabi, wanda ake kira jenowa saboda a gasar birnin Jenowa na Italiya ne Sven Salén, mutumin Suwidin, ya fito da shi a 1926. Kowane sabon mai jirgi babban yake so, kamar angon da ya nace sai babbar riga mai aska tara alhali tafiyar babur ce a gabansa. Ka tuna in gudun iska ya ninka biyu, nauyinta a kan filafili ninki huɗu yake yi, kuma jenowar da aka naɗe rabinta don iska ta yi yawa takan zama buhu, ta kwantar da jirgi ba ta tura shi ba. In iskar yankinka mai sanyin hali ce, ka sayi babba. In kuwa mai fushi ce, kuma kai da uwargida kaɗai kuke tuƙi, madaidaici ya ishe ku, ku ajiye ɗan ƙaramin nan mai kauri na ranar hadari a inda hannu zai kai gare shi cikin duhu.

In kuɗin hannunka bai isa duka ba, don Allah ka fara da wayoyi da ƙusoshi, sa'an nan fitilu. Tsohon filafilin ka kai wa maɗinki ya yi masa faci, zai kai ka baɗi in sha Allahu.