Masu ɗaga gindin mota

A ƙasashen Turai, mai sauya shakazoba so yake motarsa ta riƙe titi idan ya sha kwana da gudu. Tsakanin Dambatta, Kunci da Bichi ba a wannan hira. Tambaya ɗaya ce ake yi wa bakanike: "Oga, buhu nawa za ta ƙara ɗauka?"

Babbansu shi ne mai a-kori-kura. Peugeot 504 ce da aka harhaɗa a Kaduna tun yana goye, kuma duk kaka sai ya sa an ƙara mata falle ɗaya na sifirin a baya. Idan ya labta gero zai nufi Dawanau, mota sai ta zauna daram, tafiya lafiya lau. Dawowa wayam ita ce azaba. Sifirin ɗin ya yi taurin da ba ya lanƙwasa sai da nauyi, don haka kowane rami kai tsaye yake isa ƙugun fasinja. Wata gyatuma ta ce masa, "Ɗan nan, ka sauke ni in ƙarasa da ƙafa." Ya ce, "Haƙuri, Iya, laifinki ne da ba ki da nauyi."

Direban Golf bai da wannan jarin. Tsohuwar taya yake yankawa ya cusa tsakanin zoben sifirin, ya zuba mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ɗaya a but tare da akuya.

Akwai kuma masanin Ƙofar Ruwa, wanda ba ya sayen sabo, wai ɗan Beljiyam ya fi ƙarko. Zai ɗauki shakazoba ya danna, ya saki, ya shafa ko mai na tsatsafowa, har ya kai kunne. Duk daidai ne, ban ƙi ba. Amma bayan ya cinye wa mai shago rabin yini, guda ɗaya zai saya. An gaya masa biyu-biyu ake sauyawa, hagu da dama. Ya ce ɗayan bai yi masa laifi ba. Ga motar can tana tafe a karkace kamar jakin da mangalarsa ta zame.

Saurayin da ya dawo daga birni shi nasa gyaran na ƙasa ne. Ya sa an datse sifirin don mota ta kwanta, ta yi kyau a hoto. Ruwan farko na damina, sai da yaran unguwa da shanun huɗa suka fito da ita daga burtali.

Na ƙarshe ba ya zuwa gareji ko kaɗan. Shakazobarsa ta mutu tun bara, mota na ta lilo, ƙarfe na dukan ƙarfe. Ka ce, "Malam, ba ka jin ƙarar nan?" Sai ya ce, "Wacce?" ya ƙara murya a rediyo.